Shirun Talotalon Othman

Ranar Litinin da safe aka tarar da ƙofar babban keji a buɗe, babu talotalon Othman a ciki. Kafin la'asar, Hausawan da ke aiki a gonakin shaƙatawa na bayan Kurayyat, a gefen birnin Jidda, sun riga sun yanke hukunci cewa Muntaka, mai ban ruwan gonar Othman, shi ne ya yanka shi. A ranar aka yi sunan 'yarsa ta fari, aka fito da farfesun tsuntsu mai manyan cinyoyi wanda kowa ya sha har ya nemi ƙari. An ga jini a bayan ɗakinsa. An kuma ga gashin wutsiyar talotalo guda tara, ɗaure da zare, rataye a tagarsa. Waɗanda suka fi cika kwano su ne suka fara cewa tun farko naman ya yi musu wani iri a baki.

Talotalon ba irin fararen nan ba ne da ake kiwo don tukunya. Jinsin daji ne, mai ƙyalli kamar tagulla, da gemu a ƙirji. Othman ya yi farautar irinsa a dazuzzukan Amurka lokacin da yake karatu, kuma bayan dawowarsa sai da ya shekara huɗu yana cigiya kafin ya sami guda. Ya sa masa suna Ra'ad, wato tsawa.

Shi Othman jikan Bakatsine ne, amma haifaffen Jidda, ɗan ƙasa, mai jin Hausa fiye da yadda yake iya mayarwa. Shi ne kafilin Muntaka, wato wanda ya tsaya masa a ƙasar, iƙamarsa, takardar izinin zama, tana hannunsa. A gaban 'yan suna ya kira shi ɓarawo, ya kwashe gashin nan tara ya jefa a motarsa, ya ce in azahar ɗin Alhamis ta yi bai ga tsuntsunsa ba, zai kira 'yan sanda, ya kuma soke iƙamar. Kowa ya san abin da hakan ke nufi. Hafsa, matar Muntaka, umara ta zo ta zauna, ba ta da takarda, jaririyar ma ba ta da ita. In 'yan sanda suka shigo gonar, ba mutum ɗaya za su fita da shi ba.

*

Malam Ɗayyabu ya iso ranar Laraba da sassafe daga unguwar Hindawiyya a cikin Jidda, inda yake da teburin carbi da turare. Ya haura saba'in. Kafin aikin hajjin da ya kawo shi ƙasar, maharbi ne a dajin Kamuku, mai bin sawun zabi da tuji, daga baya kuma ya yi shekara bakwai yana kiwon tsuntsaye a wata gona a Ɗa'ifa. Mahaifin Hafsa abokin farautarsa ne, kuma shi Malam Ɗayyabu ne ya raɗa wa jaririyar suna ranar Litinin.

Ya tarar da Othman zaune a rumfa, riƙe da wani ɗan akwatin katako mai marfi.

"Ya ammi, baffana, kada ka wahala," in ji Othman. "Halas. An gama, Ra'ad yana cikin cikinsu."

"To, har da nawa cikin ke nan, don ni ma na sha farfesun. Da haƙoran da suka rage mini na ci, kuma agwagwa na ci."

"Harshe ba shaida ba ne."

"Gaskiyarka. Mene ne wannan a hannunka?"

Othman ya goga marfin a bakin akwatin, sai ga kukan macen talotalo, siriri, a gutsure. Ya bayyana, rabi da Hausa rabi da Larabci, cewa da shi maharban can ke yaudarar namiji. A watan Maris, lokacin barbara, namiji ba ya iya jin kukan nan ya yi shiru. Matan Ra'ad biyu zafin bara ya kashe su, don haka tun shigowar watan yake ta kuka shi kaɗai, ko ƙofar mota aka buga sai ya amsa.

"Jiya bayan asuba na zagaya duk gonakin nan ina kira. Yau ma haka. Wala shi, babu komai, ko tari. Da yana da rai da ya amsa."

"Da asuba kaɗai ka kira?"

"Daga nan ina wucewa aiki."

Malam Ɗayyabu ya gyaɗa kai, ya nemi izinin zagaya gonar.

*

Muntaka yana tsugune a ƙofar ɗakinsa, idanunsa sun faɗa. Hafsa tana ciki da jaririya. A gefenta akwai Kulu, tsohuwar da ke gadin wani kangon fili da awaki, gona ta uku daga nan. Ita ta karɓi haihuwar, ita ke kawo kunun kanwa kowace safiya, Hafsa kuma Inna take ce mata.

"Baba, wallahi tsintar gashin nan na yi ɗaya bayan ɗaya tun bara," in ji Muntaka. "Mafici nake son yi wa mai jego, don wuta tana yawan ɗaukewa."

"Ina ka zubar da ƙazantar yanka?"

Muntaka ya kai shi bayan ɗaki. Tsohon ya tone ramin da sandarsa, ya ɗago ƙafafu huɗu masu fata tsakanin yatsu. Ya sa su a leda.

"Wannan ya wanke tukunyarka, bai wanke ka ba. Za a ce sayar da shi ka yi. Ina kake da safiyar Litinin?"

"Na fita karɓo tabarmi da kujeru. Na bar ƙaramar ƙofar baya a saye saboda masu shigowa aiki."

"Wa ya shigo?"

"Kowa ma, Baba. Ranar suna ce."

Daga cikin ɗaki Kulu ta ce, "Allah dai ya bayyana gaskiya, Malam Ɗayyabu. Yaron nan ba ya ɗaukar ko dabinon da ya faɗo."

"Amin, Hajiya," in ji shi.

*

Bai ɓata lokaci a bakin kejin ba, don ƙafafun 'yan kallo sun tattake wurin. Ya bi rariyar da ke kai ruwa gindin dabinai, inda ƙasa ke riƙe danshi a inuwar katanga. Nan ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya daɗe bai tashi ba.

Ga sawun Ra'ad, yatsu uku manya, taki gajere-gajere. Dama da hagu na sawun akwai zane biyu a ƙasa, kamar an ja tsinke. Ya san zanen nan tun Ɗa'ifa. Namijin talotalo in yana taƙama, sai ya baza wutsiya, ya kumbura ƙirji, ya saki fikafikansa har bakinsu ya riƙa jan ƙasa. Tsuntsun da aka ɗauka ba ya barin sawu. Wanda aka kora, takinsa dogo ne, fikafikansa a manne. Wannan kuwa da ƙafarsa ya fita, a hankali, yana nuna kansa. Kuma namiji ba ya yin haka don a ba shi hatsi.

Ya ci gaba da rarrafe har kusa da ƙofar baya. A gindin katanga ya ga kashi iri biyu. Ɗaya dogo mai lanƙwasa kamar ƙugiya, na namiji. Ɗayan a dunƙule, a murɗe kamar katantanwa. Ya ɗauke shi da ganye, ya juya shi a rana. Kashin mace ne, kuma bai wuce kwana biyu ba, a gonar da ta shekara ba ta da mace.

Bayan ƙofar kwalta ce. Sawun ya ƙare a nan.

*

Zaharadden shi ne direban tankar da ke kawo wa gonakin ruwa. Sunansa ya fito a bakin mutane tun Talata, saboda duk Juma'a yana zuwa kasuwar tsuntsaye, kuma an ga tankarsa a ƙofar baya da safiyar Litinin. Malam Ɗayyabu ya same shi da hantsi yana juye ruwa, injin yana ƙugi har ba a jin magana sai da ɗaga murya.

"Baba, in ni ake nema a faɗa mini kai tsaye. Ni da ko kaza ba na iya kamawa, sai dai ta zo a soye."

"Me ke kai ka kasuwar tsuntsaye?"

"Kallon tattabaru. Matata ta hana ni kiwo, ta ce ko su ko ita. Na ce a bar ni da kallo."

Ya buɗe akwatin tankar da kansa, ya ɗaga kujera, ya ce a duba. Babu ko gashi ɗaya. Tsohon bai ko leƙa ba.

"Kullum da wannan lokaci kake kunna injin?"

"Daga ƙarfe tara har kusan azahar, gona bayan gona."

"A cikin mutanen nan, wa ka taɓa ɗaukowa daga kasuwar da kaya?"

Zaharadden ya sosa ƙeya. "Muntaka da agwaginsa. Sai Inna Kulu, wata guda ke nan. Kwali ɗaya mai huji, ta ce kaji ne. Amma da na ɗaga shi na ce mata, Inna, wannan kazar ta yi aikin hajji ta ci naman layya ita kaɗai. Ta zage ni."

Malam Ɗayyabu bai yi dariya ba. Ya roƙe shi abu ɗaya: gobe da hantsi ya zo gonar Othman, in ya ɗaga masa sanda ya kashe injin.

*

Bayan la'asar ya taka har kangon Kulu. Fili ne babba mai doguwar katanga, rabinsa ƙaya da tarin bulo. Ba ta buɗe ƙofar duka ba. Ta fito ta ja ta a bayanta, suka gaisa a tsaye.

"Hajiya, shekararki nawa a ƙasar nan?"

"Ashirin da shida. Me ya kawo tambayar?"

"A garinku, in kazar mutum ta isa ƙwai, ba shi da zakara, yaya ake yi?"

Ta gyara lulluɓinta. "Yadda ake yi ko'ina. A ɗauke ta a kai gidan maƙwabci, a dawo da ita. Wa ke neman izini don wannan?"

"Babu. A garinmu ma haka ne. Amma nan ba garinmu ba ne, kuma gobe da azahar za a raba yarinyar nan da mijinta."

Kulu ta dubi kwalta, ta dubi sandarsa. "Ni ma ba ni da takarda, Malam. Ba ni da kowa a can gida. Waɗanda na sani duk ƙasa ta rufe su."

"Na sani. Shi ya sa na zo ni kaɗai. Ba zan tura ƙofarki ba, ba zan kuma ambaci sunan kowa ba. Amma gobe sai tsuntsun nan ya fito, ko a hannun mutum ko da kansa."

Ta shige ta rufe ƙofa. Ya tsaya har ya ji an zura sakata, sannan ya juya.

*

Ranar Alhamis ƙarfe goma, rumfar Othman ta cika. Othman ya fasa zuwa aiki ba da son ransa ba, wayarsa a hannu. Muntaka yana tsaye a gefe, Hafsa a bakin ƙofar ɗaki da jaririya. Zaharadden ya bar injinsa yana aiki, ya zo ya jingina da ginshiƙi. Kulu ta zo da kwanon kunu kamar kullum, ta ajiye, ta zauna a ƙarshen tabarma. Sauran masu gadi da masu ban ruwa suka tsaya daga baya.

Malam Ɗayyabu ya zazzage ledarsa a ƙasa. "Ga ƙafafun abin da muka ci. Duk wanda ya taɓa ganin talotalo mai ƙafar iyo ya faɗa."

Ya maida ƙafafun cikin leda. Ya kai Othman bakin rariya, ya nuna masa zanen fikafikai da kashin mace. Othman ya sunkuya, ya daɗe yana dubawa, don shi ma an taɓa nuna masa irinsu a dajin can.

"Tayyib, na ji," in ji shi da ya miƙe. "Ya fita yana bin mace. To me ya sa bai amsa mini ba?"

"Me yake nema da kukan?"

"Mace."

"Wanda ya samu, me zai yi wa kuka? Da asuba tana gabansa, ko akwati goma ka goga ba zai kula ka ba. Sai rana ta ɗaga, ta sulale ta tafi inda ta ɓoye sheƙarta don ta yi ƙwai. A lokacin yake waiwayawa ya ga babu kowa. Zabin daji haka suke, tuji ma kusan haka. Kai kuwa a lokacin kana ofis, mu kuma injin Zaharadden ya toshe mana kunne."

Othman ya dubi akwatinsa. "Wanda ya koya mini farauta ya faɗi haka," in ji shi a hankali. "Na manta."

Tsohon ya ɗaga sandarsa. Zaharadden ya je ya kashe injin. Shiru ya sauka a gonakin, har ana jin ɗigar ruwa daga bakin tiyo.

"Yalla, ɗana. Kai za ka kira shi, da akwatinka."

Othman ya goga marfin sau uku. Babu amsa. Wani daga baya ya yi tari mai kama da dariya. Muntaka ya runtse ido. Shi kansa Malam Ɗayyabu bai san ko macen ta riga ta tafi sheƙa ba, bai kuma san abin da Kulu ta yi da tsuntsun bayan tafiyarsa ba. Amma bai ɗauke idonsa daga kudu ba.

"Kada ka yi sauri. Mace ba ta roƙo. Ka jira, sannan ka sake, ƙasa-ƙasa."

Suka jira. Othman ya sake gogawa, sau biyu kawai.

Daga kudu, bayan katanga uku, kukan ya taso, mai kauri, kamar an tuntsurar da ƙwarya cike da duwatsu. Kafin kukan ya mutu wani ya biyo. Dukkan kawuna suka juya, aka ji bugun fikafikai, sai ga Ra'ad a kan katangar kangon Kulu, rana tana ƙyalli a ƙirjinsa, kansa ya yi ja, yana miƙa wuya yana neman mai kiransa.

Babu wanda ya dubi Kulu da farko. Ita ce ta miƙe, ta dafa ginshiƙi.

"Ni ce," in ji ta. "Na shigo da macen talotalona a cikin zane, na ce ranar suna babu mai lura, ya hau ta a nan in koma da abata. Da na buɗe masa sai ta tsorata ta yi waje, ya bi ta har gidana. Na ce da yamma zan maido shi. Da yamma na ji an ce 'yan sanda." Ta juya wajen ƙofar ɗaki. "Hafsa, jiya na ɗaure ƙafafunsa zan kawo shi, na kwance. Yau da safe ma na ɗaure, na kwance."

"Kwana uku, Inna," in ji Hafsa. "Kina miƙo mini kunu, kina kallon ina kuka."

Kulu ta sunkuyar da kai.

Othman ya dubi wayarsa, ya dubi tsohuwar. Malam Ɗayyabu ya matso kusa da shi, ya yi magana yadda kowa zai ji.

"Abin da ta yi da safe, kakarka ta Katsina ta yi shi sau ɗari, ba wanda ya kira shi sata. Abin da ta yi daga yamma zuwa yau shi ne laifin, kuma ba kai ta yi wa ba. In ka danna wayar nan, waɗanda aka zalunta su ne za su fara shiga mota."

Othman ya juya wayar a tafinsa sau biyu, sannan ya zura ta a aljihu. "Halas. A kawo macen ta zauna a kejina. Muntaka, koma aikinka."

Ya juya zai nufi katangar, sandar tsohon ta tare masa hanya.

"Ga tsuntsunka can, ba inda za shi. Saura mutum. A gaban waɗannan ka kira shi ɓarawo, da Hausa ka faɗa don kowa ya ji. Da ita za ka janye."

Fuskar Othman ta canja. Ra'ad ya sake yin kuka daga kan katanga. Sai Othman ya wuce motarsa, mutane suka zaci tafiya zai yi. Ya buɗe ƙofar baya, ya ɗauko gashin nan tara da zarensu, ya dawo ya miƙa wa Muntaka da hannu biyu.

"Ni na yi kuskure," in ji shi, yana zaɓen kalmomin ɗaya bayan ɗaya. "Kai ba ɓarawo ba. Ka yafe mini."

"Allah ya yafe mana," in ji Muntaka.

Masu cika kwanon nan suka matso suna ba shi hannu, kowa yana cewa shi dama bai yarda ba. Muntaka ya ratsa su ya kai wa matarsa gashin. Hafsa ta baza su a hannunta, ta shiga yi wa jaririyar fifita. Kwanon kunu yana nan inda Kulu ta ajiye shi, ba a taɓa ba. Tsohuwar ta sunkuya za ta ɗauka ta tafi.

"Bar shi nan," in ji Hafsa, ba tare da ta ɗago ba. "Gobe kya zo ki ɗauki kwanon."

Malam Ɗayyabu ya kaɗe ƙasar da ke gwiwar wandonsa, ya dubi rana, ya ga da sauran lokaci kafin azahar.

"Zaharadden," in ji shi, "kunna injinka. Dabinan nan tun safe ba su sha ba."